Wa ke biyan kuɗin gwajin da ake mana kyauta? Bayani ga 'yan uwa mazauna Kudu



A farkon watan Fabrairun 2025, bayan sallar isha'i, wani ƙanina ya same ni a ƙofar gida nan Agege. Ba ciki ɗaya muka fito ba, garinmu ne ɗaya, kuma direban babbar mota ne mai sauke tumatir da albasa a Mile 12. Ya ja ni gefe ya miƙo mini wayarsa. Saƙon murya ne da ke ta yawo a WhatsApp, wai Amurka ta rufe maganin ƙanjamau, daga wata mai kamawa kowa ya nemi kuɗinsa. Da saƙon ya ƙare sai ya ce mini: "Yaya, shekara shida ke nan ina shan maganin nan. Ban da matata, sai kai yanzu ka sani. Na fara raba ƙwayar biyu don ta kai ni."

Ni ba likita ba ne. Abin da ya sa ake nemana shi ne na daɗe a Ikko, ina jin Yarbanci da Turanci, don haka nakan raka mutanenmu asibiti in yi musu tafinta. Washegari muka tafi inda yake karɓar magani. Aka ba shi na wata uku ba tare da ya biya ko sisi ba, ma'aikaciyar jinyar kuma ta yi masa faɗa sosai a kan raba ƙwaya, ta ce haka ne ke sa cutar ta daina jin magani. Amma na lura teburin da samari da 'yan mata ke zama suna yin gwaji, suna kuma kiran marasa lafiya a waya don tuna musu ranar zuwa, babu kowa a kai. Na tambaya. Aka ce ƙungiyar da ke biyansu ta samu umarnin dakatar da aiki, an ce su zauna a gida.

Ranar na gane cewa abin da muke kira kyauta akwai mai biyansa, kuma yawancinmu ba mu san ko wane ne ba. Da izinin ƙanin nawa nake ba da labarinsa, na kuma sakaya duk abin da zai sa a gane shi.

Waɗanne cututtuka ake nufi?

A wajenmu kusan komai "sanyi" ne. Ƙaiƙayi sanyi, fitar ruwa sanyi, zafin fitsari sanyi, har rashin haihuwa ma sanyi. A asibiti ba haka abin yake ba. Cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa iri-iri ne, kowacce da ƙwayar da ke kawo ta da maganinta.

Akwai waɗanda ake warkewa sarai in an sha maganin da ya dace: ciwon sanyi na ainihi da likitoci ke kira gonoriya, da kilamidiya, da tunjere, da wata mai sa mata fitar ruwa da ƙaiƙayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an samu sabbin kamuwa miliyan 374 da waɗannan guda huɗu, wato sama da miliyan 1 a kowace rana. Akwai kuma waɗanda ba a kawar da su daga jiki amma ana danne su ko a yi rigakafinsu: HIV mai kawo ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B, da ƙwayar HPV wadda ke haddasa sankarar bakin mahaifa.

Abu biyu nake so mu riƙe. Na farko, ba duk ƙaiƙayi ko fitar ruwa ne cutar saduwa ba, don haka kada miji ya zargi matarsa ko mata ta zargi mijinta kafin a yi gwaji. Na biyu, kuma shi ne ya fi muhimmanci, da yawa daga cikin waɗannan cututtuka ba sa nuna alama ko kaɗan, musamman a jikin mata. Mutum na iya ɗaukar HIV ko ciwon hanta shekaru yana dako a kasuwa lafiyarsa ƙalau. Kilamidiya na iya toshe wa mace hanyoyin ƙwai ba ta sani ba, sai an shekara biyar ba haihuwa a fara neman malamai da bokaye. Gwaji kaɗai ke tona su.

Me ya sa sai hukuma ta sa kuɗi?

Wani zai ce, to ai lafiyar mutum tasa ce, ya je ya biya mana. Ga dalilan da suka sa ƙasashen duniya, masu kuɗi da talakawa, suke ɗaukar nauyin wannan fanni daga baitulmali.

Mai shayi ko mai baro da bai ji ciwo a jikinsa ba, ba zai ɗauki cinikin yini guda ya kai ɗakin gwaji ba. In ka sa wa gwajin kuɗi, waɗanda za su zo su ne waɗanda ciwo ya riga ya kwantar, alhali waɗanda ke yaɗa cutar ba da saninsu ba suna can suna harkokinsu.

Sannan amfanin gwajin ba ya tsaya ga wanda aka yi wa. In an gano mutum ɗaya aka yi masa magani, an tsare matarsa, in mata biyu ko uku ne an tsare su duka, an tsare jariran da za a haifa. Bincike ya tabbatar cewa mai HIV da ke shan magani yadda ya kamata har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini, ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Haka mai juna biyu: in ba a yi komai ba, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 ne ke ɗauka daga uwa, amma in tana shan magani adadin na sauka ƙasa da 5. Ka ga kuɗin da aka kashe a kan mutum ɗaya, gida guda ne ya amfana.

Na uku, rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi arha. Tsinken gwaji da allurar fenisilin ba su kai kuɗin kwanciya asibiti ko jinyar hantar da ta lalace ba. Idan kuma hukuma ta janye hannu, mutane kemis suke komawa, a haɗa musu ƙwayoyi na kwana biyu daidai kuɗinsu, ko su saya wajen masu lasifika a tasha. Alamar ta lafa, cutar na nan. Irin wannan shan magani rabi da rabi na cikin abin da ya sa gonoriya ta daina jin magunguna da dama da a da suke kashe ta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da ake fargabar za a rasa maganinsu.

Na san akwai masu cewa kashe kuɗi a nan tamkar ɗaure wa zina gindi ne. Na ji wannan magana a majalisa ba sau ɗaya ba. Amsata ita ce mu tuna da matar da ba ta taɓa fita ɗakinta ba mijinta ya kawo mata, da jaririn da aka haifa da cutar, da yarinyar da aka yi wa fyaɗe, da wanda ya ɗauki ciwon hanta wajen aski ko yankan farce da ƙarfen da ba a tsabtace ba. Wa'azi aikin malamai ne kuma muna buƙatarsa. Gwaji da magani aikin asibiti ne. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

An fara ba da rahoton cutar ƙanjamau a Najeriya a 1986. Shekaru da dama bayan nan, maganin sai mai hali. A 2006, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, aka mayar da shi kyauta a asibitocin gwamnati, a 2007 kuma doka ta kafa hukumar NACA mai kula da yaƙi da cutar a ƙasa baki ɗaya. Amma kuɗin da ya riƙe wannan kyauta, mafi yawansa daga waje yake zuwa.

Babban mai bayarwa shi ne shirin PEPFAR na gwamnatin Amurka, wanda Shugaba George W. Bush ya ƙaddamar a 2003. Abin da shirin ya kashe a Najeriya ya haura dala biliyan 6. Na biyu shi ne asusun Global Fund da aka kafa a 2002 don yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. Shi yana bayarwa ne duk bayan shekara uku, kuma a zagayen 2024 zuwa 2026 kason Najeriya ya haura dala miliyan 900 na cututtukan uku. Abin lura, Amurka ce dai kan gaba wajen zuba kuɗi a wannan asusun ma, kusan kashi ɗaya cikin uku nata ne. Idan aka haɗa lissafi, kusan kashi 80 cikin 100 na abin da aka kashe a kan HIV a ƙasar nan tsawon shekaru daga masu tallafi na waje ya fito.

Me kuɗin ke saya? Tsinken gwaji, da ƙwayoyin magani, da injinan auna yawan ƙwayar cuta a jini, da motocin da ke rarraba kaya zuwa asibitoci, da kwaroron roba, da alawus na dubban matasa masu shiga unguwanni da tashoshi suna gwaji, irin waɗanda na tarar teburinsu babu kowa. Gwamnatocinmu kuwa nasu shi ne gine-gine da albashin likitoci da ma'aikatan jinya, da wani kaso na magani.

A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. A garinmu aka yi alkawarin, amma kasafin tarayya bai taɓa kaiwa nan ba, yawanci yana yawo ne a wajen kashi 4 zuwa 6. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitocin mazaɓu, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi. A 2022 aka yi sabuwar dokar inshorar lafiya wadda ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. A shekarar ce kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da asusun amana na HIV da 'yan kasuwa ke jagoranta, da burin tara naira biliyan 62. Duk da haka, har yau sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fita.

Abin da ya faru a 2025

Ranar 20 ga Janairun 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje na kwana 90. Cikin 'yan kwanaki ƙungiyoyin da ke aiki da kuɗin suka samu takardar su tsaya. Daga baya aka yi sassauci ga ayyukan ceton rai, kamar ba da maganin HIV da kare jarirai daga ɗauka, shi ya sa ƙanina ya samu nasa. Amma yawancin ayyukan rigakafi da wayar da kai ba su shiga cikin sassaucin ba. A watan Yulin shekarar aka rufe hukumar USAID gaba ɗaya. PEPFAR bai mutu ba, sai dai kowa ya ga cewa abin da sa hannun mutum ɗaya zai iya tsayarwa cikin dare ɗaya ba abin jingina ba ne. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Gwamnatin tarayya ta motsa. A watan Fabrairu majalisar zartarwa ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen kunshin maganin HIV 150,000, majalisar dokoki kuma ta ƙara kimanin dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 don cike giɓin. Wannan abin a yaba ne. Amma a auna shi da cewa masu shan maganin a ƙasar nan sun haura mutum miliyan 1.5, kuma har ƙarshen rayuwa za su sha. A kuma tuna cewa rubuta kuɗi a kasafi daban, sakinsa daban, isarsa asibitin unguwarku kuma daban.

Ga abin da na fahimta: duk lokacin da kuɗi ya yi ƙaranci, magani ake fara karewa, domin wanda ke sha in ya daina zai mutu a gani. Gwaji da rigakafi su ake fara yankewa, domin wanda ba a gwada ba babu wanda ya san da shi, ba ya cikin kowane lissafi. Sai bayan shekaru a ga sakamakon a gadon asibiti.

Inda kuɗin ba ya kaiwa

Ko lokacin da tallafin ke gudana sosai, HIV ya fi kallo. Sauran cututtukan an bar su a baya.

Babban binciken da aka yi gida-gida a 2018, mai suna NAIIS, ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke da HIV, kimanin mutum miliyan 1.9 ke nan a ƙasa baki ɗaya. Binciken nan dai ya nuna ciwon hanta nau'in B ya kai kashi 8.1 cikin 100 a tsakanin manya. Ka ga ya ninka HIV sau biyar da ɗoriya, amma gwajinsa da maganinsa yawanci da kuɗinka za ka yi. Abin da ake samu kyauta shi ne allurar rigakafinsa ga jarirai, wadda aka fi so a yi cikin awa 24 da haihuwa. Jaririn da aka haifa a gida aka ɓoye shi sai bayan suna, ya rasa wannan dama.

Gonoriya da kilamidiya kuwa babu wani shiri na gwada masu lafiya kyauta. A yawancin ƙananan asibitoci ma'aikaci alamomin da ka faɗa yake dubawa ya rubuta maka magani, domin gwajin tantance ƙwayar yana da tsada. Wanda ba shi da alama ba ya shiga wannan tsari.

Inda aka samu ci gaba shi ne wajen masu juna biyu. Yanzu akwai tsinke guda da ke gwada HIV da tunjere lokaci ɗaya da ɗigon jini, ana amfani da shi wajen awon ciki a asibitoci da dama. Na ga amfaninsa da idona. Matar wani maƙwabcinmu sau biyu tana haihuwa a gida jariri ba rai. Aka fara cewa wabi take yi, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. A ciki na uku maiɗakina ta lallashe ta suka tafi awo. Gwaji ya nuna tunjere. Aka yi mata allurar fenisilin, aka kira mijin shi ma aka yi masa, bayan an sha fama da shi. Yarinyar da aka haifa yanzu tana makarantar allo. Allah ne mai rayawa, amma sababin bai fi tsinke ɗaya da allura ba, kuma ba su biya kuɗin gwajin ba.

Haka nan tun watan Oktoban 2023 ake yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta, da tallafin ƙawancen Gavi. Allura ɗaya ce, kuma sankarar bakin mahaifa take karewa, cutar da ke cikin manyan masu kashe matan Najeriya.

Mu mazauna Kudu, ina muka tsaya?

Alƙaluman 2018 sun nuna shiyyar Kudu maso Kudu ce ta fi yawan masu HIV da kashi 3.1 cikin 100, Kudu maso Gabas 1.9, Kudu maso Yamma 1.1, Arewa maso Yamma kuma 0.6. Akwa Ibom ta haura kashi 5, Ribas ta kusa 4. Ban kawo wannan don a zargi masu masaukinmu ba, ko don mu ce mu tsarkaka ne. Cuta ba ta tambayar ƙabila. Na kawo ne don mu san cewa ɗan ci-ranin da ke Fatakwal ko Uyo ko Onitsha yana zaune ne a inda cutar ta fi yawa, shi kaɗai ba iyali, wata shida ko takwas, sannan ya koma gida da sallah ko da damina. In ya ɗauko, har ƙauyensu zai kai. In kuma daga gida ya zo da ita bai sani ba, nan zai bar ta. Direbobin tirela da fataken shanu da ke kwana a hanya tsakanin Arewa da Lokpanta ko Sagamu su ma haka.

Matsalarmu ita ce kuɗin gwamnati lissafi yake bi. Ana raba tsinken gwaji da magani ne gwargwadon mutanen da asibiti ya rubuta a rajistarsa. Unguwar da mutanenta ba sa zuwa awo, ba sa rajistar inshora, ba sa cikin kwamitin asibitin mazaɓa, a takarda kamar babu kowa a cikinta. Mu kuwa da yawanmu ba mu da rajistar zama a jihar da muke, matanmu a gida suke haihuwa, in ciwo ya yi tsanani a sa mutum a mota a yi Arewa da shi. Sanarwar rediyo da Yarbanci ko Ibo ko Turancin buroka ake yi, ba ta shiga ɗakin matar da Hausa kaɗai take ji. Masu shiga unguwa da tanti suna gwaji su ne suka fi isa gare mu, kuma su ne aka fara sallama da kuɗi ya tsaya.

Akwai kuma tunanin da ke hana mu zuwa, wai asibitin na 'yan asalin jiha ne. Ba haka ba ne. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya damar zama duk inda ya so a ƙasar, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini. Gwaji da maganin HIV ba a tambayar takardar ƙaramar hukuma. Ban da haka ma, tikitin da ake yankar wa mai baro da mai kayan gwari kullum safiya, da harajin da ke kan katin waya da kayan masarufi, ai duk kuɗinmu ne ke shiga asusun nan. Ba bara muke yi ba in mun je.

Abin da ya rage gare mu

Mu je a gwada mu. Gwajin HIV a asibitin gwamnati kyauta ne, sakamako cikin mintuna, ko da yake wasu wuraren za su karɓi kuɗin kati ko na wasu gwaje-gwajen daban. In an nemi kuɗi, ka tambayi na mene ne, ka karɓi rasit. In kana da hali ka ƙara da gwajin ciwon hanta, ko sau ɗaya ne. Wanda zai yi aure a Kano ya sani cewa tun 2024 dokar jihar ta wajabta gwajin HIV da ciwon hanta da rukunin jini na sikila kafin ɗaurin aure. Gara ka san matsayinka tun kana nan, da a gaya maka ana saura mako guda biki.

Magidanta, mu bar matanmu su je awo tun cikin yana ƙarami, mu kuma yarda a gwada mu tare. Yi wa mace magani a bar mijinta aikin banza ne, zai sake sa mata.

Mai shan maganin HIV da ke yawan tafiya, ka gaya wa asibitinka. Ana ba da na wata uku, wani lokaci har shida, ana kuma ba da takardar canjin asibiti in za ka koma gida. Kada ka raba ƙwaya, kada ka tsallake rana saboda saƙon WhatsApp.

In an yi wa wata fyaɗe, ko wani ya yi mu'amalar da yake tsoro, akwai maganin kariya da ake sha kwana 28, amma dole a fara shi cikin awa 72. Kada kunya ta cinye waɗannan awanni.

Mai tsoron tonon asiri ya sani cewa akwai dokar tarayya ta 2014 da ta haramta nuna wa mai HIV bambanci a wurin aiki ko makaranta ko asibiti, ta kuma hana bayyana sakamakonsa ba da yardarsa ba.

Mu yi rajistar inshorar lafiya ta jihar da muke. A Legas sunanta Ilera Eko, sauran jihohi ma kowacce na da tata hukumar, kuma yawanci lambar NIN ake nema. Ko ba ka yi ciwo ba, sunanka ya shiga lissafi.

Sai shugabanninmu. Ranku ya daɗe sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Shasha da Ama Hausa ta Owerri da sauran zangonni, da shugabannin kasuwanni da na direbobi, da limamanmu: kowace jiha na da hukumar yaƙi da ƙanjamau, ta Legas ita ce LSACA. Takarda ɗaya daga fadar sarki na iya kawo masu gwaji harabar kasuwa, mu kuma mu ba da masu tafinta, maza ga maza, mata ga mata. Kowace mazaɓa na da kwamitin da ke sa ido a kan ƙaramin asibitinta, a nemi kujera a ciki. Idan 'yan siyasa suka zo neman ƙuri'ar Sabo, ban da shinkafa da atamfa, a tambaye su nawa jihar ta ware wa gwaji da magani a bana, nawa aka saki, kuma asibitin unguwarmu na cikin masu karɓar kuɗin asusun matakin farko ko ba ya ciki. Tambaya ce da kansila ma ya kamata ya iya amsawa.

Ƙanina yana nan yana tuƙinsa. Gwajin jininsa na baya-bayan nan bai nuna ƙwayar ba, matarsa da 'ya'yansa uku duk ba su da ita. Kwanaki ya kawo mini kwandon tumatir, muna zaune sai ya ce: "Yaya, in Turawan nan suka janye gaba ɗaya fa?" Na ce masa sai abin da gwamnatinmu ta sa a kasafi, ita kuma ba za ta sa don mutanen da ba ta san da su ba. Ya yi shiru, sannan ya ce yaran motarsa biyu ba a taɓa gwada su ba, zai zo da su ranar Litinin in raka su.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya bai wa marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.